Shekara guda da YubiKey 5C NFC a zoben makullaina

Duk wanda ya gan shi a zoben makullaina sai ya ɗauka filash ne, har wani abokin aikina ya taɓa roƙona in ara masa ya kwashi karatun tafsiri a ciki. Wani ɗan baƙin abu ne falalle wanda tsawonsa bai kai santimita 5 ba, yana da baki irin na USB-C a gefe ɗaya, da huda a ɗaya gefen inda ake zura shi cikin zobe, sannan a tsakiyarsa akwai wani ɗan da'ira mai ruwan zinare da aka rubuta wa harafin y. Ba shi da batir, ba shi da allo, ba a cajinsa, kuma ko hoto ɗaya ba za a iya ajiyewa a cikinsa ba. Idan aka soka shi a kwamfuta kuma wani shafi ya nemi shaida, sai wata 'yar fitila ta fara ƙyaftawa a wurin da'irar, mutum ya ɗora yatsa a kai, shi ke nan an buɗe masa. Sunansa YubiKey 5C NFC, makullin tsaro ne na shiga shafukan intanet, kuma shekara guda ke nan ina amfani da shi kullum.

Aikina shi ne kula da shafukan intanet da akwatunan imel na wasu ƙananan 'yan kasuwa, saboda haka amanar mutane ce a hannuna, kuma idan aka shiga akwatina guda ɗaya an shiga nasu duka. Na daɗe ina dogaro da lambar nan da ake turowa ta saƙon tes, sai dai hankalina bai taɓa kwanciya da ita ba, domin duk wanda ya mallaki layin mutum ya mallaki lambar. A nan gida mun san yadda ɗan damfara yake zuwa da bayanan wani a yi masa welkom-bak na layin da ba nasa ba, mun kuma san cewa layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba ana sake sayar da shi ga wani. Matsalar ba ta ƙanana ce kaɗai ba, tun da a watan Agusta na 2019 ta wannan hanya ta karɓe layi aka shiga shafin Jack Dorsey, wanda a lokacin shi ne shugaban Twitter, aka riƙa wallafa ashar da sunansa a kamfanin da shi da kansa yake jagoranta.

Kamfanin da ke ƙera makullin shi ne Yubico, wanda Stina Ehrensvärd da mijinta Jakob suka kafa a Suwidin a 2007, kuma a 2018 ya fito da jerin da ake kira YubiKey 5, wanda nawa yake ciki. Yubico da Google ne suka fara tsara ƙa'idar da ake kira U2F, wadda daga baya ta koma hannun ƙungiyar FIDO ta girma ta zama FIDO2, kuma a watan Maris na 2019 hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta amince da ɓangarenta na burauza mai suna WebAuthn. Amfanin wannan tarihi ga mai saye shi ne makullin ba na kamfani ɗaya ba ne: da shi guda nake shiga Google da Microsoft da Facebook da GitHub, ba tare da na saka wata manhaja ta musamman a kwamfuta ba.

Abin da ya sa na ce kuɗina bai tafi a banza ba yana cikin yadda makullin yake aiki, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Ranar da aka yi masa rajista a wani shafi, sai ya ƙirƙiro lambobi biyu masu alaƙa da juna, waɗanda za a iya kwatanta su da kwaɗo da ɗan makullinsa. Kwaɗon ne yake miƙa wa shafin ya ajiye, shi kuwa ɗan makullin sirrinsa ba ya barin na'urar, ba ya bi ta waya, ba ya bayyana a allo, kuma ko mai shi ba ya iya ganinsa. Duk lokacin da mutum zai shiga, shafin yakan aiko da wata tambaya sabuwa wadda ba a taɓa yin irinta ba, na'urar ta sa mata hannu da sirrin da ke cikinta, shafin ya gwada sa hannun da kwaɗon da yake riƙe da shi. Idan ɓarayi suka fasa rumbun bayanan shafin, kwaɗo kawai za su samu, wanda ba ya buɗe komai. Abin da ya fi wannan muhimmanci kuwa shi ne kowane ɗan makulli a ɗaure yake da ainihin adireshin shafin da aka yi shi dominsa, kuma burauza ce take gaya wa na'urar adireshin da ake ciki, ba idon mutum ba. Idan an turo wa mutum shafin bogi wanda ya yi kama da na Google kamar an tsaga kara, amma harafi ɗaya ya bambanta a adireshin, na'urar ba za ta sami makullin da ya dace da wurin ba, saboda haka ba za ta sa hannu ba, ko da kuwa mai ita ya gamsu ɗari bisa ɗari cewa a wurin da ya dace yake.

A nan ne ta sha bamban da duk wata lamba da ake karantawa a rubuta, ko ta tes ce, ko ta manhajar waya mai canzawa bayan daƙiƙa 30, ko ta ɗan tokin ɗin nan mai allo da bankuna suke ba 'yan kasuwa. Duk lambar da mutum zai iya gani, zai iya rubuta ta a shafin bogi ko ya karanta wa wanda ya kira shi da murya mai daɗi yana cewa daga ofis yake, kuma ɓarawo yana da isasshen lokacin da zai yi amfani da ita kafin ta mutu. Makullin ba ya ba mutum abin da zai karanta wa kowa. An ga bambancin a fili a watan Yuli na 2022, lokacin da wasu 'yan damfara suka aika wa ma'aikatan Cloudflare aƙalla 76 saƙon tes mai ɗauke da adireshin shafin bogi, har uku daga cikinsu suka rufta suka rubuta suna da kalmar sirri, amma maharan suka kasa shiga saboda kamfanin ya wajabta makulli irin wannan ga kowane ma'aikaci. Irin wannan tarko ne ya yi nasara a kan kamfanin Twilio a daidai wannan lokaci. Kafin nan, a 2018, Google ya bayyana cewa tun da ya raba wa ma'aikatansa sama da 85,000 makullai a farkon 2017 ba a sake samun wanda aka kwace wa akwatin aiki ta hanyar shafin bogi ba.

Haɗa shi da akwati ba ya ɗaukar minti biyar. Ana shiga sashen tsaro na shafin, a zaɓi ƙara makulli, a soka shi, a taɓa da'irar, a sa masa suna. A karon farko za a nemi mutum ya zaɓa masa lambar sirri, kuma a nan ne ya kamata a nutsu, domin dama 8 kacal yake bayarwa. Bayan kuskure uku a jere sai an zare shi an sake sokawa, idan kuwa aka cike takwas ɗin to ya kulle, kuma babu hanyar buɗe shi sai a wanke shi, wanda yake nufin goge duk makullan shiga da ke ciki. Babu ofishin da za a je da katin ɗan ƙasa a yi bayani. Ni ina ganin wannan tsauri daidai ne, tun da shi ne yake sa makullin da aka tsinta a ƙasa ya zama bai da amfani ga matsinci, amma wanda ya saba mance lambar katinsa na banki ya yi tunani tun kafin ya saya.

Kuskuren da na yi a farko nawa ne ni kaɗai. Guda ɗaya na saya saboda tsada, na ɗaura shi a babban akwatina, na cire lambar waya daga hanyoyin shiga, ina jin na gama da 'yan damfara. Bayan 'yan makonni tafiya ta kama ni zuwa ɗaurin aure, na bar zoben makullan a gida saboda a motar haya zan tafi, sai ga kira da daddare cewa shafin wani shago ya tsaya kuma kwastomomi suna ta ƙorafi. Na ari kwamfuta, na rubuta kalmar sirri daidai, allo ya ce in soka makulli, ni kuwa makulli yana rataye a ƙusa a bayan ƙofar ɗakina. Haka na kwana ina ba mai shago haƙuri a waya. Ranar na gane cewa na'urar ba ta san mai ita ba sai da ita a hannu, kuma abin da take yi wa ɓarawo shi take yi wa maigida idan ya zo hannu rabbana. Ba a iya kwafar makulli ɗaya zuwa wani, saboda haka mafita ita ce a sayi biyu, a yi wa kowanne rajista daban a kowane shafi, ɗaya yana aljihu ɗaya yana adane. Kamfanin Apple ma, tun da ya fara karɓar irin waɗannan makullai a iOS 16.3 a farkon 2023, ba ya barin mutum ya kunna tsarin sai ya gabatar da guda biyu. Duk mai lissafin farashi ya ninka shi biyu tun daga farko, ya kuma sani cewa duk sabon shafin da ya buɗe sai ya ɗauko na ajiyar ya yi masa rajista shi ma, wanda shi ne aikin da ya fi gundurata a dukan lamarin.

A waya, harafin NFC da ke cikin sunansa yana nufin ana iya manna shi a bayan wayar kawai ba sai an soka ba. Sai an ɗan lalubo inda eriyar take, a wasu wayoyin kusa da kyamara, a wasu a tsakiya, kuma idan rigar wayar mai kauri ce sai an cire ta. Yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi da suka cika kasuwanninmu ba su da NFC, amma idan wurin cajinsu USB-C ne sai a soka shi kai tsaye. Mai tsohuwar kwamfuta wadda ba ta da irin wannan rami ya nemi ɗan'uwansa YubiKey 5 NFC mai faɗin baki, domin aikinsu ɗaya ne, bakin ne kawai ya bambanta.

Ɗaya rabin aikinsa, wanda yawancinsa ne ya bambanta jerin 5 da masu araha, shi ne ajiyar makullan sirri na masu aikin kwamfuta. OpenSSH manhaja ce ta shiga sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafi, daga nesa, kuma tun daga OpenSSH 8.2 da ya fito a watan Fabrairu na 2020 ana iya ƙirƙirar makullin shiga sabar wanda sirrinsa yake ɗaure da na'urar. A da makullina fayil ne kawai yana kwance a kwamfuta, wanda duk wata muguwar manhaja za ta iya kwafewa ba tare da na sani ba. Yanzu duk lokacin da zan shiga sabar wani kwastoma sai fitilar ta ƙyafta na taɓa, kuma idan wata rana ta ƙyafta alhali ban nemi shiga ko'ina ba, na san akwai baƙo a kwamfutata. Yana kuma aiki a matsayin katin shaida na ma'aikata a tsarin PIV, yana riƙe makullan OpenPGP na sa hannu da rufe saƙo, sannan yana adana sirrin lambobin nan masu canzawa, waɗanda ake karantawa ta manhajar Yubico Authenticator. Wannan na ƙarshe ya yi mini rana a shafukan da har yanzu ba su karɓar makulli, domin idan aka sace wayata lambobin ba sa cikinta, amma kada a manta cewa lamba lamba ce, kuma shafin bogi yana iya karɓe ta ko daga ina ta fito.

Sashen PIV da na OpenPGP kowanne yana zuwa da lambar sirrinsa ta kamfani, wato 123456, da ta biyu ta ceto ko ta mai gudanarwa 12345678, kuma duniya duka ta san su, saboda haka canza su shi ne aikin farko. Kasancewar kowane sashe yana da tasa lambar daban da ta FIDO2 yana rikita sabon shiga, kuma a ganina a nan ne na'urar ta fi nuna cewa injiniyoyi ne suka yi ta domin injiniyoyi. Mai son rufe saƙonni da OpenPGP ya lura da wani abu: idan a cikin na'urar ya ƙirƙiri makullin buɗe saƙo, to ranar da ta ɓace duk tsofaffin saƙonninsa sun rufe har abada. Abin da masu hankali suke yi shi ne su ƙirƙire shi a kwamfutar da ba ta haɗe da intanet, su ajiye kwafi a wuri amintacce, sannan su ɗora shi a na'urar.

Wajen ƙarko ba ni da abin cewa sai yabo. Kamfanin ya ba shi matakin IP68 na jure ruwa da ƙura, kuma nawa ya sha ƙurar hunturu, ya sha gogayya da makullan gida da na babur, ya taɓa shiga wanki a aljihun riga, amma in ban da ɗan ƙarce a jikinsa babu abin da ya canza.

Babban abin da za a soki na'urar da shi sananne ne, kuma da gangan aka yi ta haka: manhajar da aka dasa a cikinta ba a sabunta ta. Hujjar kamfanin ita ce ƙofar da za a shigo da gyara ita ce ƙofar da za a shigo da ɓarna, kuma hujja ce mai ƙarfi, sai dai tana nufin idan aka gano aibi babu magani sai sauya ta da sabuwa. Hakan ya faru fiye da sau ɗaya a bainar jama'a. A 2017 an gano rauni a yadda wasu guntayen lantarki na kamfanin Infineon suke ƙirƙirar wani nau'in makullan sirri mai suna RSA, wanda ya shafi YubiKey 4. A watan Satumba na 2024 kuma masu bincike na NinjaLab a Faransa suka nuna cewa ana iya zaƙulo sirrin da ke cikin duk YubiKey 5 mai manhajar da ta gabaci 5.7, ta hanyar auna ɗan tururin lantarki da guntun yake fitarwa lokacin da yake sa hannu. Harin ba na kowa ba ne, domin sai na'urar ta shiga hannun maharin, ya fasa jikinta, ya kuma mallaki kayan awo na kusan dala 11,000, ga ƙwarewa ta musamman. Ɗan kasuwa ko malamin makaranta ba shi ne abin harin irin wannan ba, amma ɗan jarida ko ɗan siyasa da hukumomi masu kuɗi suke bibiya dole ya saka abin a lissafi. Manhaja ta 5.7, wadda ta fara fitowa a watan Mayu na 2024, ta rabu da wancan aibi, ta kuma ƙara yawan makullan shiga da ke zama a cikin na'urar daga 25 zuwa 100, da sirrin lambobi masu canzawa daga 32 zuwa 64. Wannan yana da muhimmanci ga mai saye a wajen dillali, inda tsohon kaya yake iya daɗewa a kanta: a buɗe Yubico Authenticator a duba lambar manhajar, a kuma gwada na'urar a shafin kamfanin da ke tabbatar da cewa ta asali ce, tun kafin a ɗaura mata komai. Akwai kuma masu ƙorafin cewa manhajar a rufe take, ba kowa ke iya duba yadda aka rubuta ta ba, kuma irin waɗannan sukan koma ga Nitrokey na Jamus wanda tasa a buɗe take.

Sai kuma abin da makullin ba ya tsarewa, wanda na ga mutane da yawa suna ruɗuwa a kai. Kuɗin da ke banki ba ya ƙarƙashinsa. Hulɗarmu da banki a nan ta manhajar waya ce da lambar tes da lambobin USSD, dukansu kuma a kan layi suke rataye, saboda haka wanda ya sayi YubiKey don tsoron a kwashe masa asusu ya sayi maganin wata cutar daban, abin da ya fi buƙata shi ne ya sa wa sim ɗinsa lambar sirri ya kuma kame bakinsa. Haka nan idan kwamfuta ta riga ta kamu da muguwar manhaja, ɓarawo yana iya sace shaidar zaman da shafi ya bayar bayan an shiga, ya ci gaba daga inda mai ita ya tsaya ba tare da an tambaye shi makulli ba. Sannan akwai ƙofar baya: idan an ɗaura makulli amma an bar zaɓin turo lamba ta tes a kunne, ɓarawo zai danna inda aka ce a gwada wata hanya ya wuce abinsa. Na ɓata yini guda cur ina bin akwatunana ɗaya bayan ɗaya ina rufe waɗannan hanyoyi, ina kuma buga lambobin ceto a takarda. Ga masu Google, tsarin kariya mai tsauri da kamfanin ya buɗe a 2017 don 'yan jarida da masu fafutuka yana rufe yawancinsu a lokaci ɗaya, kuma kyauta ne.

Farashin guda ɗaya a wajen kamfanin yana tsakanin dala 50 da 60, kafin kuɗin dako da ribar dillali, kuma idan aka juya biyu zuwa naira kuɗin wata ƙaramar waya ne. Shi ya sa ba zan ce kowa ya saya ba. Wanda buƙatarsa ita ce tsare imel da Facebook kawai, jerin Security Key na kamfanin, mai kusan rabin wannan farashi, yana yin aikin FIDO2 daidai da babban, manyan abubuwan da ya rasa su ne PIV da OpenPGP da ajiyar lambobi, waɗanda yawancin mutane ba za su taɓa buɗewa ba. Titan na Google ma yana wannan sahu. Wanda ba shi da halin ko ɗaya ya kunna makullin shiga na cikin wayarsa, wanda ake kira passkey da Turanci, domin a kan ƙa'ida ɗaya yake tafiya kuma shi ma shafin bogi ba ya yaudararsa, illa dai tsaronsa yana rataye da wayar da akwatin Google ko Apple da yake ajiye shi. Jerin 5 na mai riƙe da sabar mutane ne, da mai kula da shafin da dubban jama'a suke bi, da mai sa hannu a manhaja, da duk wanda shiga akwatinsa zai jawo wa wasu asara.

Da na sayi na biyu sai wata tambaya ta taso wadda takardar kamfani ba ta amsa ta, wato abin da zai faru da shafukan mutane idan rai ya yi halinsa ko ciwo ya kwantar da ni. Na saka makullin ajiyar a ambulan tare da takardar lambobin ceto, na ba yayana ya adana a inda yake ajiye takardun gida, lambar sirrin kuma na rubuta ta daban na damƙa wa maiɗakina. Duk bayan wata uku nakan je in karɓo shi, in yi masa rajista a sababbin shafukan da na buɗe, in gwada shi a tsofaffin, sannan in mayar da shi cikin ambulan.